Ziyarar Cape Point: Ya kamata a kai har hasumiyar fitila?

Kun tambaya ko hawa zuwa hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Cape Point, a Afirka ta Kudu, ya cancanci wahalar, da abin da za a kiyaye. Ya cancanta, in dai kun je da sassafe.

Hasumiyoyin biyu ne. Tsohuwar, wadda aka gama a 1859, tana can ƙololuwar dutse, sama da mita 200 daga teku. Tsayin nan ne ya zama aibinta, domin hazo kan rufe haskenta. Bayan jirgin Lusitania na Fotugal ya nutse a 1911, sai aka gina sabuwa ƙasa, a mita 87. Tsohuwar ake hawa, ko da ƙafa ta matakala, ko a ƙaramin jirgin ƙasa da igiya ke ja. Mai ciwon gwiwa ya hau jirgin, amma ya sani akwai sauran matakala a sama.

Babbar matsala iska ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar kudu maso gabas tana kaɗawa da ƙarfi har ta ture mutum, don haka kada a tsallake shinge don ɗaukar hoto a bakin dutse. A sa takalmi mai riƙe ƙasa da rigar sanyi ko da rana ta take.

Gwaggon biri kuma sun saba fizge abinci, har ƙofar mota suna buɗewa. A kulle mota, kuma ba su abinci laifi ne da ake cin tara.