Bakanike ya ce in cire tamostat ɗin Yaris ɗina, in ɗaga mata ƙafa: in yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Kano. Na sayi Toyota Yaris 'yar Kwatano, ƙirar 2008, mai inji 1.3 da giyar hannu, don zuwa aiki da kai yara makaranta. Bakanikena ya ce motar ƙasar sanyi ce, sai an cire mata tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a riƙa zuba mata baƙin mai mai kauri, sannan a ɗaga ƙafarta saboda tana gogar ƙasa. Kuma ina ganin tana shan mai fiye da yadda aka faɗa min. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. A cikin shawarwari huɗun nan, uku kada ka karɓa. Ta huɗun, wato ɗaga ƙafa, akwai magana a kanta.

Mu fara da tamostat, don nan ne aka fi yi wa ƙananan motoci illa. Ɗan bawul ne da ke tsakanin inji da lagireto. Idan ka tayar da mota da safe yana rufe, ruwa na zagayawa a cikin inji kaɗai har ya yi ɗumi. Da zafin ya kai wajen digiri 82 sai ya buɗe, ruwa ya wuce lagireto ya huce. Injin an ƙera shi ne ya yi aiki da zafinsa, ko a Beljiyam yake ko a Kano. In aka cire tamostat, injin zai daɗe bai kai wannan zafin ba, musamman da safiyar hunturu. Kwamfutar motar kuwa muddin ta ga inji da sanyi, ƙara masa fetur take yi. Wannan rarar fetur ɗin ba ya ƙonewa duka: wani ya baƙanta fulogi, wani ya zurara ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi. Mai tafiyar kilomita biyar ko shida zuwa makaranta shi ya fi kowa asara, domin kafin inji ya ɗumama ya riga ya isa.

Tun da ka ce tana shan mai, fara duba ko wanda ya sayar maka bai riga ya cire ba. Yaris ta wannan ƙirar ba ta da allurar zafi, fitilu biyu gare ta: shuɗiya ko koriya mai nuna inji da sanyi, da ja mai nuna ya yi zafi fiye da kima. Ta sanyin ya kamata ta mutu cikin 'yan mintuna da fara tafiya. In tana daɗewa, ko kuma fanka na tashi da zarar ka murɗa makulli alhali AC a kashe yake, an taɓa wurin. Sa a mayar da tamostat, a mayar da fanka kan layinta na asali. Fankar da ke juyawa ba hutu tana cin batir, kuma na'urar da ke juya ta kan ƙone ba tare da ka sani ba, galibi a tsakiyar cunkoso.

Motar da ke tafasa tana da dalilinta, kuma cire tamostat ɓoye ciwon yake yi. Dalilan da aka saba gani su ne lagireto da ya toshe da tsatsa, murfin lagireto da robarsa ta mutu, famfon ruwa mai yoyo, ko tamostat ɗin kansa ya maƙale a rufe, wanda maganinsa sabo ne. Tsatsar nan daga ruwan famfo da na rijiya take zuwa. Ka zuba ruwan lagireto na gaskiya, irin ruwan hoda na Toyota wanda aka riga aka haɗa. Murfin ma ba ado ba ne, shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Idan jar fitila ta kama, ka tsaya a gefe ka kashe nan take, kada ka ce bari in ƙarasa gida. Kan injin na alminiyom ne, zafi ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi ya ƙona gasket. Kuma kada ka buɗe murfi sai inji ya huce.

Baƙin mai kuma, abin da ya dace da injin nan shi ne 5W-30. Mai kauri irin 20W-50 na tsofaffin injuna ne. Naka yana da VVT-i, wato tsarin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul-bawul ɗin inji, wanda matsin mai ke sarrafawa ta ƙananan ƙofofi, kuma sarƙa ce ke juya shi, ita ma da mai take rayuwa. Mai kauri yana jinkirin hawa sama da safe, lokacin da inji ya fi cin kansa. Ka yi juye duk kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa, tare da sabuwar filta. Ka tsaya a wurin lokacin juyen: injin ba ya ɗaukar lita 4 cif, yaran gareji kuwa sun saba kife galan gaba ɗaya. A zuba lita uku, a tayar, a kashe, a jira kaɗan, a zaro sandar awo, a ƙara har ya kusa ɗigon sama. Ragowar ka ajiye a but.

Yanzu ƙafa. Kafin a sa mata komai, a duba dalilin gogar. Motar da ta haura shekara goma sha biyar, sau da yawa shokozoba da sifirin ɗinta ne suka gaji, ta zauna ƙasa da tsayinta na asali. Canza su kaɗai kan dawo da ita. In bayan haka unguwarku ta tilasta, ɗagin da bai wuce inci ɗaya ba ana iya zama da shi, a yi alayimen bayansa. Fiye da haka shaf zai riƙa aiki a karkace, robarsa ta yage, ka fara jin ƙas-ƙas in ka karya kwana, motar kuma ta riƙa rangaji a kan gudu.

Sauran gogar kaya ne ke jawo ta. Abin da irin wannan mota ke ɗauka, mutane da kaya duka, bai fi kilo 400 da 'yan kai ba. Manya biyar masu kilo 70 sun cinye 350. Ka ɗora buhun masara a baya, ka wuce iyaka, kuma tayoyin baya da birki ne za su biya. Ganin Golf ta ɗauko kaya har but a buɗe a hanyar ƙauye kada ya ruɗe ka, masu ita sun san sau nawa suke gyaran ƙafa. Tudun rage gudu kuwa ka hau shi a giya ɗaya, a ɗan karkace, taya ɗaya bayan ɗaya.

Wajen mai faci, kai za ka faɗi iskar da za a sa. Adadin na manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, wajen 32 ne, ba 45 ko 50 da ake bugawa ba. Iska mai yawa tana cinye tsakiyar taya, ta rage riƙon birki, ta aika kowane rami kai tsaye cikin ƙafa. A auna da safe kafin taya ta yi zafi.

Da damina, in ruwa ya kai rabin taya, juya ka nemi wata hanya. Bakin da inji ke shaƙar iska ba shi da nisa da ƙasa. In ta mutu a cikin ruwa kada ka sake murɗa makulli, a tura ta waje, a kwance fulogi a fitar da ruwan tukuna. Da hunturu kuma ka riƙa buɗe filtar iska kana karkaɗewa, in ta yi baƙi a canza.

Shan mai kuwa kada ka auna shi da ido ko da kuɗin da ka bayar. Cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, mayar da ma'aunin tafiya sifili, yi harkarka ta mako, ka koma ka sake cikawa. Raba kilomitan da ka yi da litocin da ta sha. A cikin gari da cunkoso da AC, kilomita 11 zuwa 13 a lita ba laifi. In ta faɗo ƙasa da 10 bayan an mayar da tamostat, a duba fulogi, da filtar iska, da birkin da ke riƙewa, sannan a sa mata kwamfuta a ga lafiyar sensar da ke jikin salansa. Tankinta lita 42 ne, kada ka bari ya sauka ƙasa da kwata, domin famfon mai a cikin tankin yake kuma fetur ɗin ne ke sanyaya shi.