Ƙarin haƙora a keken lantarki: gudu ne ko gobara?

Tambaya: Malam, ni mazaunin wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Taura. Da fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023, na jingine babur, na sa aka ɗaura wa kekena Phoenix injin lantarki mai wat 250 da batir bolt 24, irin wanda ke jan tayar baya da sarƙarsa daban. Yana yin kilomita 25 a awa. Wani mai gyara ya canza mini ƙaramin faranti na bakin injin daga haƙora 9 zuwa 13, wai zan riƙa gudun babur. Yanzu idan na ɗauko buhu zuwa kasuwar Gujungu, da na shiga rairayi sai batirin ya ɗauke, injin kuma ba ya taɓuwa don zafi. Ya ce a cire wani ɗan allo da ke cikin batirin, shi ke hana wuta wucewa. A ɗakin da yarana ke kwana nake caji. In bari ya cire?

Amsa: Kada ka bari, ko kyauta zai yi maka. Amma mu fara da lissafin giyar, don daga nan matsalar ta taso.

Mu ɗauka bakin injinka yana juyi 330 a minti, firiwil ɗin baya, wato farantin da sarƙar injin ke ja a tayar baya, kuma haƙora 16, kamar yadda irin waɗannan injina suka saba zuwa. Da haƙora 9, tayar za ta juya kusan sau 186 a minti. Tayar inci 28 tana cin kimanin mita 2.2 a kowane juyi, ka ga kilomita 25 ɗinka ke nan. Da haƙora 13, lissafin takarda ya ba ka kilomita 35. To amma wat ɗinka bai ƙaru ba. Abin da ka samu a gudu ka biya shi da ƙarfin ja, wanda ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku. Ga kuma iska: ƙarfin da ake buƙata don keta ta a kilomita 35 ya kusa ninki uku na wanda ake buƙata a 25. Shi ya sa za ka ga 35 ɗin nan idan ka ɗaga tayar sama ka murɗa, ko a gangare, amma ba da buhun masara a kariya ba.

Masu injin da ke cikin cibiyar taya, ku kuma giyar keke ba ta shafi gudun injinku ba sam, bolt da girman taya ne ke yanke shi. Masu injin tsakiya irin Bafang, wanda ke bi ta sarƙar feda, su ne ke amfana da canza giya.

Yanzu ga abin da ke ɓata mini rai. Injin lantarki yana son ya juya da sauri. Idan ka danne shi da kaya da rairayi, juyinsa ya yi ƙasa, sai ya riƙa zuƙar wuta mai yawa, mafi yawanta kuma zafi take zama a cikin wayoyin tagulla maimakon tafiya. Tamkar ka tayar da motar da aka laɓta wa kaya a giya ta huɗu ne. Ɗan allon da mai gyaranka ke son cirewa, wanda ake kira BMS, shi ne ya ga wutar ta wuce kima ya yanke. Aikinsa ke nan, kuma ya yi shi daidai. Sai wani ya zo da filaya da salatif ya ce allon ne ba shi da kyau.

Kullum ana kawo mana irin waɗannan batira. Ka buɗe ledar, ka tarar an tsallake allon da guntuwar waya, an soke fis, an cusa wayar ƙarfe a gurbinsa, ledar jikin ƙwayoyin, wato ƙananan batiran da ke ciki, ta narke ta yi baƙi a gefe guda. Ƙwayoyin ma sau da yawa na tsofaffin kwamfutocin hannu ne aka harhaɗa, wata da sauran rai, wata ta gaji. Batirin litiyam na bolt 24 rukuni bakwai ne na ƙwayoyi a jere, kuma kowane rukuni bai kamata ya haura bolt 4.2 a caji ba. Wa ke lura da wannan? Allon nan. Idan babu shi, caja za ta ci gaba da ɗura wuta, rukuni ɗaya ya cika ya wuce yayin da sauran ke baya, ba kuma za ka ga alama daga waje ba. Haɗa da zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, a ɗaki mai rufin kwano. Wutar litiyam ba ta jin bokitin ruwa ɗaya, tana iya lafawa ta sake tashi, hayaƙinta kuma guba ne. Mai gyaran da ya karɓi kuɗin aikinsa yana gidansa yana barci a lokacin.

Abin takaici, mutumin da ya iya faci da gyaran sarƙa yau ya wayi gari injiniyan lantarki, babu wanda ya koya masa, babu mai tambayarsa. Ban raina sana'ar kowa ba, amma wanda bai mallaki mitar auna wuta ba, bai kamata ya buɗe batirin mutane ba. Kuma ko an samu gudun, da me za ka tsaya? Birkin sanda na Phoenix roba ce ke matse ƙarfen wili. Daga 25 zuwa 35, nisan da za ka ci kafin ka tsaya ya kusa ninkawa, ga awaki da yara a bakin hanya ranar kasuwa.

Ka mayar da haƙora 9. Idan yawancin hanyarka rairayi ce da kaya, ka ma nemi firiwil mai haƙora 18, ka taimaka da feda wajen tashi. Ka sa a auna kowane rukuni na batirin tunda ya sha zafi, idan ya kumbura ko yana wari kada ka sake jona shi. Caji kuma daga yau a waje, cikin inuwa, a kan siminti ko ƙasa, nesa da kara da katifa, kuma da rana lokacin da idonka biyu.