Shagon Yaya

Kishiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa. Saƙonki ya iso, sau uku na sa ƙaninki ya kunna mini shi, don kunnen nan ya fara yi mini gardama. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, da dare kuma barci ya ƙi zuwa. Wai littafi za ki rubuta a kan tsohon gidanmu na cikin birni da ɗakin da aka ce ba a buɗewa, kina tambaya ko al'ada ta hana mutum ya sa labarin gidansu a littafi in dai ya sauya sunaye. Har da cewa za ki sa fatalwa a ciki, don masu karatu a waya sun fi son abin tsoro. Fatalwa! Ke da ko ɓera ya gilma sai kin ɗare gado.

Ba ki san gidan nan ba, ragowarsa kika tarar. Kakan Babanmu ne ya gina shi, da tubali da azarar giginya, soro biyu kafin a kai tsakar gida, ga zankwaye a sama, ga indararo yana zubarwa cikin lungu. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai magina sun zo sun yi yaɓe, sun bi rufi da makuba, mu yara muna ɗebo musu ruwa a rijiya ana ba mu kwabo. Baba yakan ce gidan ƙasa tsoho ne, ka yi shekara guda ba ka leƙa shi ba sai ka tarar ya zauna. A bayan ɗakin Inna aka binne cibiyar kowannenmu. Yau a wajen ake sayar da caja da gilashin waya.

Ɗakin da kike magana kuwa shago ne, a jikin soro na biyu. Kada ki ɗauka na sayar da kaya. A lokacinmu shago ɗakin samari ne, inda yaro yake komawa in ya fi ƙarfin kwana a ɗakin uwarsa. Na Yaya ne, ɗan farin Inna.

Ku 'yan yanzu da kuke ɗaga ɗan fari a gaban surukai kuna kiran sunansa kuna sumbata, ba za ku gane ba. Inna ba ta taɓa faɗin sunan Yaya ba. In za ta ba shi tuwo, ni take miƙa wa kwanon ta ce, "Kai wa yaron can." In ya shigo gaishe ta, sai ta amsa tana kallon murhu. A hannun kakarmu ya tashi tun daga yaye. Na taɓa tambayarta ina ƙarama, na ce Goggo, wai Inna ba ta son Yaya ne? Ta dungure mini kai ta ce, "Abin da ka fi so shi kake rufewa da faifai." Ban gane ba sai da na haifi ubanki.

A daminar 1967 kuɗin goro suka ɓace wa Baba, fam goma sha biyu. Yaya ne yake zauna masa a rumfa, don haka a kansa aka sauke. A soro, gaban abokan Baba da almajirai, ya mare shi, ya ce in ya fita kada ya dawo. Ina da shekara goma sha biyu, ina laɓe da farantin tallana. Lokacin an fara yaƙin basasa, ana ta ɗibar samari, kwana biyu sai muka ji ya hau jirgin ƙasa ya tafi Zariya ya shiga soja. Wasiƙa ɗaya ya aiko. Ni na karanta ta a tsakar gida, don ni ce 'yar boko, kowa ya zagaye ni ban da Inna, tana can tana tankaɗe ta ba mu baya. Sai da na gama na lura rariyar ba ta motsi. Bayan wata uku aka ga kuɗin a aljihun wata tsohuwar rigar Baba, a ƙasan adaka.

Yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, waɗanda za su dawo suka dawo. Can sai ga wani soja mai ɗingishi ya yi sallama da Baba, mu mata muna jikin bango muna saurare. Ya ce tare suke a runduna ta biyu, ta Murtala, kuma rabonsa da Yaya tun watan Oktoban 1967, da aka zuba su a jirgin ruwa daga Asaba za a haye kogin Kwara zuwa Anacha, aka buɗe musu wuta a tsakiyar ruwa. Bai ga gawarsa ba. Abin da ya sani ke nan. Daga baya kuma muka ji kisan gillar da sojoji suka yi wa mazan Asaba a cikin wannan watan, kuma su ma uwaye ne suka haife su. In za ki rubuta, kada ki mai da ɗan'uwana waliyyi. Yaro ne mai zuciya da aka miƙa wa bindiga.

Ba gawa, ba jana'iza, ba zaman makoki. Baba ya sa wa shagon kwaɗo, bai ƙara zama a inda ya yi marin nan ba har ya rasu a 1979. Maƙwabta suka ce bakin uba ne. Dangin Inna suka ce a'a, kurciya aka yi masa, kuma ba kowa ba ce ta yi sai Iya, amaryar Baba, don ɗanta ya gaje gida. Wannan maganar ita ta hana ni barci da na ji saƙonki. Ba wanda ya taɓa faɗa wa Iya a fuska, ba kuma wanda bai san ta ji ba. Shekara ashirin da ɗaya matan nan biyu suna rijiya ɗaya, turmi ɗaya, ba abin da yake haɗa su sai ina kwana. Ko rabon gado ya gagara, don duk sanda aka ce a je gaban alƙali ya yanke hukuncin mutuwar Yaya, sai Inna ta ce kanta yana ciwo.

Ana nan sai aka fara cewa ana jin motsi a shagon da tsakar dare, wani almajiri ya rantse ya ga hasken fitila ta ƙasan ƙyaure. Iya ce ta fi kowa tsorata yara, tana cewa mutanen ɓoye sun tare a ciki, duk wanda ya leƙa bakinsa zai karkace. To ga fatalwar taki. Mu ma da girmanmu da gudu muke wuce soron nan in magariba ta yi.

Bari in zo kan daren da nake so ki ji. Agustan 1988, shekarar da dam ɗin Bagauda ya ɓalle, ruwa ya kwantar da gidaje ba iyaka a Kano. Ni ina gida, na yi yaji, kakanku ya ɓata mini rai a kan wata magana da yanzu ko tuna ta ba na yi, Allah ya jiƙansa. Tun la'asar ake ruwa, ba iska ba tsawa, zuba kawai. Muka jera kwanuka da tasoshi a ɗakin Inna muna tarar yoyo. Kin san ruwan da yake cin gidan ƙasa ba mai ƙarfi ba ne, mai naci ne, shi yake jiƙa rufi har ya fi ƙarfin azara. Cikin dare kana jin rugugi daga nesa, sai salati, sai kuma wani daga wani ɓangaren. Inna tana zaune da carbi ba ta ce uffan ba. Gab da asuba muka ji namu. Ba ƙara ya yi ba, wani irin nishi ne, kamar raƙumi ya durƙusa. Kafin kowa ya motsa Inna ta miƙe, ba mayafi ba takalmi, matar da ban taɓa ganin ta taka soro da rana ba.

Shagon ne. Tun rasuwar Baba ba a ƙara yi masa yaɓe ba, don magina ma tsoronsa suke.

Da gari ya waye samarin unguwa suka zo da shebur da kwanon sarki suna kwashe ƙasa. Aka fito da tabarma, da allonsa, da akwatin da gara ta cinye. Sai wani yaro ya ce, "Kai, kuɗi!" Asusu ne na ƙasa, jere a jikin bango, wasu sun fashe wasu da sauransu, na ƙirga goma sha tara. Na farko-farkon sule ne da sisi da kwabo mai huji, kuɗin da aka daina karɓa tun da naira ta shigo a 1973. Na gaba kuma sababbin kwabbai ne, 'yan biyar da 'yan goma. Na ƙarshen ko rabi bai kai ba, sabo ne, irin wanda ake sayarwa a kasuwa a shekarar. Nan na gane inda ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗar da na yi ta talla take shiga. Kuɗin aurensa take tarawa. Mukullin yana ƙulle a bakin zaninta duk shekarun nan.

Kowa ya yi tsit. Inna ta durƙusa cikin taɓo, ta ɗebi sulallan nan a hannu, sai ta kira sunansa. Sunan yanka, ba yaron can ba. Sau uku, da irin muryar da ake kiran yaro ya zo ya ci abinci kada ya huce. Ni ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Wadda ta ratsa maza ta je ta yafa mata mayafinta ta rungume ta, Iya ce. Ina ji da kunnena tana cewa, "Yi kukanki, Yaya, yi abinki. Ni na san ke ce kike shiga. Don kada a dame ki na ce da yara aljanu ne." Inna ta yi kukan da ban taɓa jin irinsa ba, a kafaɗar matar da aka ce ita ta kore mata ɗa. Da ta lafa sai ta ce, "A kira malamai a yi masa addu'a." Kwana uku aka yi gumba da waina aka raba sadaka, kwabban aka bai wa almajirai. Sulallan ba mai karɓa. Ɗaya yana nan cikin kwallata.

Kin ce ko al'ada ta hana. Mu dai an tashe mu a kan ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma Goggo takan ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Amma kada ki zaci matan da ba sa ba da labarinsu. A bakin dutsen niƙa suke bayarwa, a cikin waƙa, kishiya tana ji ta san da ita ake, ba kuma ta da abin kamawa. Da dare a sa wa Gizo da Ƙoƙi rigar mutanen gida, a gama a ce ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Inna tana da wata tatsuniya ta yaron da ya yi fushi ya tafi bakin kogi, Dodo ya ce zai haye da shi. Duk sanda ta kai nan sai ta ce dare ya yi, a kwanta. Na yi ta jin haushi ina yarinya, ina cewa Inna ba ta iya ƙarasa labari ba.

Abin da yake ba ni tsoro da ku shi ne sauri. Mutum ya cika, kafin a yi masa wanka hotonsa ya zaga duniya, a wajen zaman makoki kowa kansa a sunkuye yana latsa waya, ana cin shinkafa da kaza kamar biki. Sai dai ba zan yi miki ƙarya in ce shirun namu alheri ne duka ba. Shiru ne ya hana Baba ya shiga ɗakin Inna ya ce na zalunci yaron nan, ki yafe mini, har ƙasa ta rufe masa ido. Ni kaina na ji ana yi wa Iya wannan ƙazafi, na girma, na yi aure, na haihu, ban taɓa buɗe baki na ce ba ku da shaida ba. Ta rasu ban nemi gafararta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sauya suna kuwa, wa za ki ɓoye wa? Duk wanda ya tashi a lungun nan, layi biyu zai karanta ya ce gidan su wance ne. 'Yar autar Iya tana nan da ranta, jikokinta kuma 'yan'uwanki ne, da su kike cin tuwon salla. Kafin ki ɗora alƙalami ki je ki gaishe ta, ki zauna, kada ki kunna mata waya a baki. In ta ɗauko maganar da kanta, to. In ta yi miki zancen tsadar gero har kika tashi, kin ji amsarta.

Sunan nasa ba zan sa yaron nan ya rubuta ba, bakina bai saba ba. Amma kin taɓa tambayar kanki me ya sa kowa yake ce wa ubanki Kawu, har ni da na haife shi? Ɗauko takardarki ta makaranta ki duba sunan da yake bayan naki.

Ki zo ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in nuna miki sulen. Ki taho mini da goro fari, ba irin busasshen da kika kawo wancan karon ba, da man zafin nan na gwiwa.

Taki har kullum,
Uwargidanki