Amsar Baffa kan dashen goro

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka samu fili a bayan Shagamu za ka dasa goro, sai maƙwabta suka ce yaro ba ya dasa goro, wai wanda ya dasa ba ya ganin 'ya'yansa, a bar wa tsofaffi. Kana tambaya ko al'ada ce da ya wajaba ka bi.

Wannan camfi ne, ajali na hannun Allah. Amma maganar tana da tushe. Goron da aka shuka daga ƙwaya yakan yi shekara 6 zuwa 7 kafin ya fara haihuwa, ba ya kuma cika ƙarfi sai ya wuce shekara 12. Mutane da yawa sun dasa, Allah ya karɓi abinsa, magada suka ci. Ni a ganina wannan ma hujja ce ta cewa mai ƙuruciya irinka ya fi dacewa da dashen.

Al'adar da nake so ka riƙe da hannu biyu ita ce ta ƙasa. A kurmi, itace mai dogon rai shaidar mallaka ce, goro kuwa yana iya haura shekara 70 yana haihuwa. Wanda ya ara maka fili don rogo da masara bai ara maka don goro ba. Kafin ka haƙa rami ko ɗaya, ka ɗauki dattawa biyu daga Sabo, unguwar Hausawa, ku je wurin mai filin da mai garin, a faɗi kason kowa a gaban shaidu, a rubuta. Na ga gonar da aka yi shekara da shekaru ana wahala a kanta, tana fara fure 'ya'yan mai filin suka taso, zumunci ya ɓaci. Mu Hausawa baƙi ne a harkar noman nan. Kakanninmu fatake ne, da jakuna suke zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja sayo goro, su yi watanni a hanya. Sai bayan jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912 noman irin goron da muke ci ya bunƙasa a Agege da Shagamu, kuma Yarbawa ne suka noma shi. Ka saurare su.

Ƙaramin goro ba ya son rana ta buɗe masa. Ka fara sa ayaba ta yi inuwa, sannan ka dasa idan damina ta kankama, ka bar kamar mita 8 tsakanin dashe da dashe. Da rani ka lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa jikin itacen saboda gara. Iri kuma kada ka ɗebo daga uwa ɗaya. Goro da yawa ba ya ɗaukar 'ya'ya da furen kansa, shi ya sa za ka ga itace ya yi ƙato, ganye shar, ba ko ɗa ɗaya, mutane su yi ta sarar bawonsa da adda wai ya haihu. Ni ban yarda da saran nan ba, ƙofa ce ake buɗe wa cuta. Ka haɗa iri daga gonaki daban-daban, ko ka nemi dashe a cibiyar binciken koko ta CRIN da ke Ibadan, goro ma yana cikin aikinsu.

Idan Allah ya kai ka girbi, wajen Oktoba zuwa Disamba, kada ka jira kwanson ya faɗo da kansa. Wanda ya kwana a ƙasa ƙwaro ya riga ka, shi ne za ka fasa ka tarar da sankara. Da lauje a bakin doguwar gora ake tsinko shi. A fasa, a jiƙa har farar rigar ta saki, a wanke, a bar shi ya tsane a kwando, sannan a jera cikin ganyen fita, wato ganyen da ake naɗe goro da shi. Duk bayan 'yan makonni a buɗe huhun, a tsince mai tabo, a sake ganye. Da haka yake kaiwa daushe.

Ka sanar da ni ranar da za ku je wurin mai filin, in ƙafata ta yi sauƙi da ni za a je. Ka gaida mahaifiyarka.