Amsa ga ɗan'uwan da ke tambaya ko zama mamba a ƙungiyar shugabannin mawaƙa na da amfani

Ɗan'uwa, sannu da hidima. Ka ce an ɗora maka shugabancin mawaƙan majami'arku a Kaduna, sol-fa, wato rubutun waƙa na do-re-mi, kaɗai ka iya karantawa, kuma wani ya ba ka shawara ka biya dala ka shiga ACDA, ƙungiyar shugabannin mawaƙa ta Amurka. Kana son sanin ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Na daɗe ina wannan aiki a majami'a da kuma makarantar sakandare, na riƙe katin ƙungiyar waje na ɗan lokaci, na kuma zauna a tarurrukanmu na gida, don haka ga abin da na gani.

Babban abin da ƙungiya ke ba shugaban mawaƙa shi ne mutane: wanda zai tsaya ya kalli hannunka kana jagoranci, ya saurari mawaƙanka, ya faɗa maka gaskiya. Mujalla da kati da satifiket duk a baya suke. Aikinmu aikin kaɗaici ne. A majami'a guda kai kaɗai ne ke yin sa, fasto bai san shi ba, dattawa ba su san shi ba, mawaƙa kuwa ba za su iya gaya maka kana kuskure ba ko da sun ji a jikinsu. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka kafin ka biya ko sisi ita ce: in na shiga, zan samu zama ɗaki ɗaya da waɗannan mutane?

Ga Ba'amurke amsar a fili take. An kafa ACDA a 1959, hedikwatarta na birnin Oklahoma, tana da rassa a jihohi, kuma tana yin babban taron ƙasa bayan kowace shekara biyu. Malamin waƙa a can yakan tuƙa mota ya je taron jiharsu, a raba musu sababbin waƙoƙi su rera tare su ji wadda ta dace da yaransa, ya kalli ƙwararre na gyara wa wani hannu a gaban jama'a. Akwai kuma wani dalili mai ƙarfi: ƙungiyar na haɗa zaɓaɓɓun mawaƙa daga makarantu daban-daban su yi waƙa a tarukanta, kuma yaro ba ya samun shiga gwajin sai ta hannun malamin da ke mamba. Wato in bai biya ba, ɗalibansa ya rufe wa ƙofa. A Birtaniya ma haka abin yake ta wata fuskar. Ƙungiyarsu ta shugabannin mawaƙa, abcd, wadda aka kafa a 1986, kwasa-kwasan koyon jagoranci take shiryawa mataki-mataki, sannan ƙungiyoyin mawaƙa da yawa na shiga wata ƙungiya mai suna Making Music ne saboda inshorar da take samar musu. Duk waɗannan abubuwa ne da mutum ke mora don yana zaune a ƙasar.

Kai da ke Kaduna fa? Abin da zai iso gare ka shi ne mujallarsu, Choral Journal, da tsofaffin fitowarta, da wasu darussa ta intanet. Ba na raina su. A nan na karanta bayani mai kyau kan muryar yara maza lokacin da take fashewa, da yadda za a sa su a sashen da ba zai cutar da maƙogwaronsu ba, maimakon a ce su yi shiru sai sun girma. Amma kusan kowace maƙala tana ɗauka cewa ka iya karanta rubutun waƙa na layi biyar, misalan ciki duk da shi ake buga su. Mai sol-fa kaɗai zai ga rabin shafi ya wuce shi. Ga kuma kuɗi: dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024, kuma kowace shekara sai ka sabunta. Zuwa taronsu kuwa, da biza da tikiti da masauki, wannan sai wanda Allah ya hore wa. In don samun waƙoƙi ne kawai, ba ka bukatar kati: shafin CPDL tun 1998 yake tara dubban waƙoƙin da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, irin na su Handel wanda ya rasu a 1759, kuma kyauta ake saukewa.

Bari in ba ka misalin abin da nake nufi da ido da kunnen wani. A wata bita da aka shirya wa shugabannin mawaƙa na gundumarmu, an kira wani saurayi ya jagoranci mawaƙan da aka haɗa daga majami'u daban-daban. Yaro mai himma, muryarsa kuma mai daɗi. Ya ɗaga hannu biyu, yana buga ƙafa a siminti, yana rera sofurano, wato muryar sama, tare da mata da dukan ƙarfinsa. Kafin a kai baiti na biyu waƙar ta sauka ƙasa, 'yan bes, masu muryar ƙasa, sun fara neman murya a cikin ƙirji ba su samu. Dattijon da ke koyarwa ya tsayar da su, bai yi faɗa ba. Ya ce masa ya sa hannun hagu a aljihu, ya rufe bakinsa, ya bar ƙafarsa ta huta. Sannan ya ce kafin ya sauke hannun dama, ya ɗaga shi sau ɗaya yana jan numfashi, yadda mawaƙa za su ja tare da shi. Saurayin ya gwada, mutum sama da hamsin suka shiga lokaci guda. Da aka kai tsakiya sai ya tsayar da su da kansa, ya juya wajen 'yan alto, masu muryar da ke ƙasa da sofurano, ya ce a sol-fa wannan wurin “fe” ne, su kuma “fa” suke yi. Shekara da shekaru ana rera waƙar haka a majami'arsu bai taɓa ji ba, don muryarsa ce ke cika masa kunne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ba mujallar da za ta iya cewa ka sa hannu a aljihu, domin ba ta ganin hannunka.

A irin wannan zama ne kuma ake samun abubuwan da ba a rubuta su a ko'ina. Wa ke da kwafin waƙar Ista mai sassan murya huɗu a sol-fa wadda ba a cika ta da kurakuran masu kwafa ba. Wane mai kibod ne zai iya riƙe maka sujada ranar da naka ya tafi bautar ƙasa. Yadda alƙalai ke ba da maki a gasar mawaƙa, da abin da ke sa su cire maki tun kafin a buɗe baki, wato shiga da tsayuwa. Yadda za ka gaya wa uwar da ta shekara talatin a sofurano cewa muryarta yanzu ta alto ce, ba tare da ta kai ƙararka wurin dattawa ba (wannan kam ilimi ne mai zaman kansa, kuma tsofaffin hannu kaɗai ke da shi). Har da batun hunturu: waƙoƙin Kirsimeti na zuwa daidai lokacin da ƙura da sanyi ke busar da maƙogwaro, sai ka ji wani ya ce shi yana rage tsawon koyon waƙa a Disamba, yana sa kowa ya zo da ruwansa, yana kuma sauke sautin waƙa ƙasa kaɗan in ya ga mata na wahala a sama.

Akwai kuma abin da ƙungiyar waje ba za ta taɓa warware maka ba, shi ne zaman Hausa a kan karin waƙa. Harshenmu yana da hawa da saukar murya, yana da wasula dogaye da gajeru. Yawancin waƙoƙin da ke cikin littattafan sujada an ɗora kalmomin Hausa ne a kan karin Turai, shi ya sa za ka ji gajeren wasali an ja shi, dogo an guntule shi, ko kalma ta hau inda ya kamata ta sauka. Mun saba har ba ma lura, amma saurari matan Zumunta suna rera tasu da tulu da kacau-kacau ka ji yadda kalma ke zama daram. In kana son tsara waƙar Hausa mai sassa huɗu wadda tsohuwa a bencin baya za ta gane kowace kalma, wurin waɗanda suka yi fama da wannan matsala za ka je. A kudu an daɗe ana wannan tunani game da Yarbanci da Ibo, tun daga T.K.E. Phillips na babbar majami'ar Angilika ta Legas har zuwa Farfesa Laz Ekwueme, kuma akwai abin koyi sosai a aikinsu, amma na Hausa mu ne za mu zauna mu yi.

Sauran ƙungiyoyi ba sai na tsawaita ba. MUSON, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya da ke Onikan a Legas, wadda aka kafa a 1983, tana da makarantar kiɗa da jarrabawa mataki-mataki, kuma da naira za ka biya. Ƙungiyar RSCM ta Ingila tun 1927 waƙar majami'a ce aikinta, tsarinta na Voice for Life yana da kyau wajen horar da yara, musamman in majami'arku ta Angilika ce. IFCM, tarayyar ƙungiyoyin mawaƙa ta duniya, wadda ta fara a 1982, tana yin babban taro duk bayan shekara uku, ta fi amfani ga wanda ke son fitar da mawaƙansa waje. Kuma fitar ba mafarki ba ce, Lagos City Chorale a ƙarƙashin Emeka Nwokedi ta je gasar mawaƙa ta duniya a Cincinnati a 2012 ta dawo da lambobin yabo.

Hattara da wani abu guda. Akwai masu kafa ƙungiya da suna mai nauyi, su turo maka takarda cewa an zaɓe ka, ka biya kaza a ba ka muƙami da alkyabba da hula a ɗauki hoto. Ka tambaye su yaushe suka yi bita ta ƙarshe, wa ya koyar, me aka koyar. In suka fara kame-kame, riƙe kuɗinka.

Da ni ne kai, bana ba zan biya dala ba. Zan nemi sakataren gundumarku in tambayi lokacin taron shugabannin mawaƙa, in babu kuwa in kira na majami'u huɗu ko biyar da ke kusa, ko da ba ɗarikarku ɗaya ba, mu riƙa haɗuwa wata Asabar a wata, kowa ya jagoranci waƙa guda sauran su gyara masa. Kuɗin da ka tanada ka ba wanda zai koya maka rubutun layi biyar, ka zauna jarrabawar matakin farko. Bayan shekara guda ko biyu, in ka ga kana iya buɗe waƙa ka ji ta a kanka ba tare da an mayar maka da ita sol-fa ba, to a lokacin katin ACDA zai yi maka aiki. Ko a lokacin ma kada ka biya daga aljihunka. Ka kai maganar gaban kwamitin majami'a a sa ta cikin kasafin mawaƙa kamar yadda ake sa gyaran kibod da ɗinkin riguna, da sharaɗin duk abin da ka karanto za ka kawo wa sauran shugabannin a zaman Asabar.