Sun sa hannu a takardar buƙatu, kuma sun ƙi manhajar: ina laifina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan ina aikin BA (Business Analyst, wato mai gano buƙatun kasuwa ta rubuta wa masu gina manhaja) a wani ƙaramin kamfani da ke yi wa 'yan kasuwa manhaja a nan Kaduna. An ba mu kwangilar manhajar sito da ciniki ta wani babban dila mai sayar da taki da maganin feshi, yana da sito a Kakuri da shaguna biyu a cikin gari. Ni na zauna da Alhajin da manajansa, na rubuta takardar buƙatu mai shafi 40, suka duba suka sa hannu. Bayan wata biyar muka kai aiki, yaran shago suka yi sati biyu da ita suka koma wa littafinsu. Yanzu Alhaji ya riƙe ragowar kuɗinmu, oga kuma yana min kallon ni na jawo. Ko barcin kirki ba na samu. Ni dai a ganina tunda sun sa hannu na fita. Wata ƙawata ta ce rashin satifiket ne matsalata, ta nuna min wata cibiya da ke cewa za ta ba da CBAP, babban satifiket na masu aikin BA, cikin sati uku. In biya? Ko dai aikin nan ba nawa ba ne, in haƙura? Daga wata mai karatu, Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki. Kada ki ajiye aikin, kada kuma ki kai wa cibiyar nan ko sisi. Abin da ya same ki yana gyaruwa, kuma ba alamar cewa ba ki dace da sana'ar ba ce. Sai dai akwai magana ɗaya a wasiƙarki da ba zan bari ta wuce ba, wato "tunda sun sa hannu na fita". Wannan tunanin ya kashe ayyukan manhaja a garin nan fiye da rashin wuta da rashin kuɗi, kuma kusan kullum sai na ji shi daga bakin wani matashi ko wani oga.

Sa hannu yana da amfaninsa. In rigimar kuɗi ta taso, shi za a ɗauko a ce ga abin da aka yi yarjejeniya a kai. Iyakarsa ke nan. Ba ya nuna cewa abin da ke cikin takardar shi ne abin da ke faruwa a shago. Ki duba waɗanda kika zauna da su. Alhaji ya daɗe rabonsa da tsayawa bayan kanta, abin da zai faɗa miki shi ne yadda yake so kasuwarsa ta riƙa tafiya, ko yadda yake zaton tana tafiya. Manaja kuwa a gaban maigida yake magana, ba zai buɗe baki ya ce ai rabin cinikinmu bashi ne, ko kuma kaya na fita kafin a rubuta ba. Mutanen da yatsunsu za su taɓa kwamfutar daga safe zuwa magariba, yaron shago da kashiya da mai kula da sito, ba wanda ya tambaye su komai. Su aka yi wa manhajar, kuma su ne kawai ba su sa hannu ba.

Ina kyautata zaton a cikin shafukanki 40 akwai layin da ya ce manhaja za ta rubuta ciniki, ta karɓi biya, ta fitar da rasit, ta rage kaya daga sito. A takarda babu aibu. To mu je shagon taki a watan Yuni, damina ta sauka. Manomi ya taso daga Soba ko Saminaka yana son buhu 30. Ya ba da wani kaso a hannu, ya yi taransifa na wani kaso amma alat bai shigo ba, ragowar kuma sai kaka in ya sayar da masara. Dillalin da ya kawo shi yana gefe yana jiran la'adarsa. Ana cikin haka Alhaji ya bugo waya daga hanya ya ce wannan mutumina ne, a rage masa wani abu a kowane buhu. An gama ciniki, sai manomin ya ce a bar masa kayan a sito zuwa jibi, bai samu mota ba. Kayan an sayar, amma suna nan a ajiye. Wani buhun ya fashe wajen sauke tirela, an juye shi ana sayarwa a mudu. Maganin feshi da kwali yake shigowa, da kwalba yake fita, kuma kowane rukuni da ranar lalacewarsa. Sannan sabis ya ɗauke, mutum goma na tsaye suna jira.

Idan manhajar ta ce ba za ta fitar da rasit ba sai an biya cif, ko ba za ta bari a canza farashi ba sai manaja ya shigo da lambar sirrinsa alhali yana banki, me kike so yaron nan ya yi? Zai jawo littafinsa da biro ya sallami mutane, don in kwastoma ya tsallaka shagon maƙwabci, shi za a yi wa faɗa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne bayanin da ake kawowa bayan an faɗi: wai mutanenmu ba sa son canji, wai yaran kasuwa ba su waye da fasaha ba. Wannan zance ne na mai gudun laifi. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, ki shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Barci ki ga yadda masu shaguna ke karɓar kuɗi ta POS da OPay da Moniepoint, ba wanda ya kai su aji. Duk abin da ya sauƙaƙa musu ciniki da gudu suke karɓarsa. Gaskiya ne, akan sami inda ma'aikaci ke ƙin manhaja don za ta tona ɓarnar da yake yi a sito. Amma ba za ki iya bambance mai ƙi don tsoron tonon asiri da mai ƙi don abin ya tsayar masa da aiki ba kina zaune a ofis. Gani ya kori ji.

Laifin ba naki ke kaɗai ba ne, kuma ina so oganki ya ji wannan. Kamfanoni da yawa sun mayar da takardar buƙatu tikitin karɓar kason farko na kuɗi. A sauko da samfuri daga intanet, a cika shi da Turancin da mai kwangilar ba zai karanta ba, a zauna sau biyu a ofis mai sanyi, a samu sa hannu, a tura takardar neman biya. A ayyukan ma'aikatu abin ya fi muni: darakta ne ke sa hannu, magatakardan da ke ɗaukar fayil ba a ma san sunansa ba, shi ya sa za ki tarar da kwamfuta a lulluɓe da ƙura kusa da tulin fayil-fayil. Wanda ya tura BA ɗaya tilo ta zauna da maigida, bai sa kuɗin zuwa shago a lissafin kwangila ba, kuma ya bar masu rubuta manhaja suka yi wata biyar ba a nuna wa mai amfani ko hoton allo ɗaya ba, shi ma yana da kasonsa.

Littafin BABOK, jagoran masu aikin BA da kuke ji ana ambata, bugu na 3 da ya fito a 2015, ya raba abubuwa biyu da ake cakuɗawa. Ɗaya shi ne a duba ko buƙatar an rubuta ta da kyau, a fili, ana iya gwada ta. Ɗayan shi ne a tabbatar ko buƙatar za ta kawo amfanin da ake nema. Takardarki wataƙila ta ci jarrabawar farko. Ta biyun ba a cin ta sai a wurin aiki. Haka mutum 17 ɗin da suka rubuta sanarwar Agile (tsarin gina manhaja kaɗan-kaɗan ana nuna wa mai amfani) a 2001, cikin abubuwa huɗu da suka jera akwai fifita aiki kafaɗa da kafaɗa da kwastoma a kan ja-in-ja game da kwangila. Kamfanoninmu suna son kiran kansu Agile, suna buɗe Jira, manhajar bin diddigin aiki, amma wannan layin ba sa aiki da shi. Telan da ya karɓi awo ta waya daga bakin maigida, ya ɗinka wa uwargida, ba zai kare kansa da cewa ai haka aka faɗa masa ba.

Ga abin da za ki yi. Ki sami oga, ba da muryar kare kai ba, ki ce a ba ki 'yan kwanaki ki koma shagon. In zaman sito cikin lebura da direbobi zai yi miki nauyi, ki tafi da ɗaya daga masu rubuta manhajar, hakan ma ya fi, don abin da ya gani da idonsa ba sai kin rubuta masa shafi uku ba. Ki je lokacin cunkoso. Ki zauna gefe ki yi shiru, ki lura da duk lokacin da hannun yaron ya kai ga biro ko ga waya. Sannan ki roƙi littafin. Duk buƙatun da kika rasa suna cikinsa, musamman a rubutun gefen shafi: "saura", "ajiya", "Alhaji ya ce". Ki zaɓi ciniki 20 na gaske daga ciki, ki sa yaron ya shigar da su a manhajar kina kallo, kada ki taimaka masa. Duk inda ya tsaya, ki rubuta. A nan ki kiyaye: littafin nan cike yake da sunayen mutane da lambobin wayarsu da bashin da ake bin su. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe ku, ko ba doka ma amana ce. Ki nemi izini kafin ki ɗauki hoto, kuma kada hoton ya faɗa zauren WhatsApp na ofis.

Abin da kika tara ki kasa shi uku: wanda yake cikin takarda amma ba a gina shi daidai ba, ku gyara kyauta, wanda ciniki ba ya yiwuwa sai da shi amma ba a rubuta ba, a zauna a raba nauyinsa, wanda sabon buri ne, a rubuta takardar neman canji da farashinta. Kada ki manta da tsohon bashin da ke littafi, sai an kwashe shi an zuba a manhajar, in ba haka ba dole yaran su ci gaba da riƙe littafi biyu. Ku fara da shago ɗaya. Alhaji ɗan kasuwa ne, in ya ga cinikin jiya ya fito daidai da abin da ke aljihun kashiya, maganar ragowar kuɗi za ta yi sauƙi.

Sai batun CBAP cikin sati uku. Ƙungiyar IIBA ta masu aikin BA, wadda aka kafa a Toronto ta ƙasar Kanada a 2003, ita kaɗai ke ba da wannan satifiket, bayan mutum ya zauna jarrabawarta mai tambaya 120 cikin awa uku da rabi. Kafin ma a yarda ki zauna, sai kin nuna awa 7,500 na aikin BA cikin shekara 10 da suka wuce, da awa 35 na horo, da mutum biyu da za su tsaya miki. Ki yi lissafi: shekara biyu, ko da awa 40 kike yi kowane sati ba hutu, da kyar kika haura awa 4,000. To ta ina cibiyar za ta ba ki? Ko dai takardar halartar aji za su buga miki su rubuta CBAP da manyan baƙaƙe a sama, ko kuma su koya miki ƙara awannin da ba ki yi ba a fom. Na farko damfara ce, na biyu shaidar zur ce, kuma da sunanki za a yi ta. IIBA kan binciki wasu daga masu nema, amma ko ba wanda ya gano, wace albarka ke cikin albashin da aka samu da takardar ƙarya? Masu wannan talla, da alƙawarin aikin Dala daga ɗaki, kuɗin matasan da ke cikin damuwa irin taki suke ci, kuma ba su taɓa zama a sito ko na wuni ɗaya ba.

In kina son satifiket na gaskiya, IIBA na da wasu biyu ƙasa da CBAP: ECBA ba ya neman awannin aiki, CCBA kuma yana neman awa 3,750 cikin shekara 7, wataƙila kin kai ko kin kusa kaiwa in duk aikin naki na BA ne. Tun yau ki buɗe Excel ki fara rubuta kowane aiki da awanninsa da wanda zai shaide ki. Duk cibiyar da za ki shiga, ki duba sunanta a jerin masu horarwar da IIBA ta amince da su a shafinta, kuma kuɗin jarrabawa ki biya IIBA kai tsaye. Kuɗin da kika ware wa sati ukun nan, ki sa shi a data ki koyi SQL, yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi, har ki iya yi da kanki, ki iya zana tafiyar aiki da tsarin zane na BPMN, sannan ki nemi wani akanta ya zaunar da ke ya nuna miki yadda ake rufe lissafin wata a shago mai bashi.