Ɗana in zai koya wa wani abu sai dai ya fizge ya yi da kansa

Tambaya: Salam malama, dan Allah ɗana mai shekara 3 in zai nuna wa abokinsa yadda ake haɗa kayan wasa sai kawai ya fizge ya haɗa da kansa, ba bayani ba komai, in ɗayan ya kasa kuma ya hau fushi. Yayarsa mai shekara 6 kuwa zama take ta yi bayani. Son kai ne ko me?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, ba son kai ba ne wallahi, shekarunsa ne. Kafin mutum ya koyar sai ya fara gane cewa abin da ya sani ɗayan bai sani ba, to wannan ganewar ce ba ta gama nuna ba a wajen ɗan shekara 3, shi a ganinsa tunda ya sani ai kowa ma ya sani, shi ya sa yake jin haushi in aka kasa.

Tun 1983 masana biyu, Wimmer da Perner, suka gwada wannan. Ana nuna wa yara labarin wani yaro Maxi da ya ajiye cakulan a kabad ya fita, mamarsa ta canza masa wuri, sai a ce ina zai duba in ya dawo? Ƙananan sai su nuna sabon wurin, don su sun gani. Sai wajen shekara 4 zuwa 5 yara ke fara cewa tsohon wurin zai duba, tunda shi bai ga an ɗauke ba.

A 2002 kuma Strauss da abokan aikinsa suka koya wa yara wani wasa, suka ce su koya wa sa'o'insu. 'Yan shekara 3 nunawa suka fi yi da hannu, 'yan shekara 5 kuwa da baki suke bayanin dokokin, suna lura da inda aka yi kuskure su gyara. Kin ga dai abin da ke faruwa a gidanki ke nan.

Ni fizgewar nan ba na ganinta laifi, nunin da yake yi shi ne farkon koyarwa, dan Allah kar a tsawata masa. Ki ce ya koya miki, ki yi kuskure da gangan ki ce "ban gane ba, faɗa min da baki". In ya fusata da abokinsa ki tambaye shi a hankali, "shi ya taɓa ganin yadda ake yi?" Ki ba shi lokaci ya yi tunani kafin ya amsa.